Tambayi Injiniya: Ruwa, Wuta da Sokawen Gida

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun karkata ne kan abin da ke ɓoye cikin bango da ƙarƙashin ƙasa, wato bututun ruwa, wayar wuta da ramin sokawe. Injiniyoyin ruwa da na lantarki masu kula da wannan fili ne suka amsa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Gidana ba bene ba ne. Ina da tanki mai lita 2,000 a kan ƙarfe mai tsawon mita 3. Shawar banɗakin ƙurya ɗigo kawai take yi, in kuwa aka buɗe famfon kicin sai ta ɗauke gaba ɗaya. Mai gyaran famfo ya ce in sayi tanki mai lita 5,000. In saya? (Magidanci, Hotoro, Kano)

Amsa: Kada ka saya, Malam. Girman tanki yawan ruwan ajiya kawai yake ƙarawa. Ƙarfin da ruwa ke fita da shi daga tsayi yake zuwa, wato tazarar da ke tsakanin saman ruwan tanki da bakin da zai fita. Tsayin mita 10 ne ke ba da matsin bar 1. Kan shawa yana kusan mita 2.1 daga daɓe, gindin tankinka kuma yana mita 3. Ke nan in ruwa ya yi ƙasa, tazarar ba ta kai mita 1 ba, in tankin ya cika ta kai kamar mita biyu da rabi. Shawa irin ta zamani mai ƙananan huji, musamman mai haɗa ruwan zafi da na sanyi, da yawansu bar 1 suke nema ko fiye. Kai kuwa kana ba ta kwata ko ƙasa da haka.

Ɗaukewar da take yi in an buɗe famfon kicin alama ce ta biyu: tun daga gindin tanki an ja bututun rabin inci an zagaye gida da shi. Bututun inci 1 ya ninka na rabin inci girman filin ciki sau huɗu, kuma in ruwa iri ɗaya ne ke bi, ƙarfin da gogayya ke cinyewa a cikinsa ya ragu fiye da ninki ashirin. Tsarin da ya dace shi ne inci 1 ko inci ɗaya da kwata daga tanki har cikin gida, uku-bisa-huɗu zuwa kowane banɗaki da kicin, sannan rabin inci a mita ɗaya ko biyu ta ƙarshe zuwa bakin famfo. Kowane reshe a sa masa makullinsa, don kada gyaran banɗaki ɗaya ya hana gida ruwa.

In koren bututun nan na PPR aka yi maka amfani da shi, ka sani lambar da ke jikinsa awon waje ne. Mai milimita 20 cikinsa 13 zuwa 14 ne kawai. Sannan wajen haɗi, in mai aiki ya bar shi a kan injin ɗumamawa ya wuce ƙima ko ya danna da ƙarfi, robar kan narke ta tattaru ciki ta rage hanya. Daga waje haɗin tsaf, in an yanka sai ka ga hujin bai fi shigar fensir ba. A yanka gwiwa ɗaya kusa da banɗakin a duba. A kuma bi layin a ga ko akwai inda ya hau ya sake gangarowa, domin nan iska ke maƙalewa ta tare ruwa.

Bayan an gyara bututu, a ɗaga tankin zuwa mita 6. Amma wannan ba aikin da za a bar wa mai walda shi kaɗai ba ne. Lita 1,000 ta ruwa tan 1 ce, tankinka tan 2 ke nan a sama. Ƙafafun suna buƙatar tushe na kankare, da ƙarafan gicciye a kowane gefe, da shimfiɗa mai santsi wadda duk gindin tankin zai zauna a kai. A ɗaure shi, saboda guguwar farkon damina tana ɗaukar tanki in ta same shi babu ruwa. In ɗagawar ba za ta yiwu ba, ƙaramin injin ƙara matsi zai yi, sai dai ba ya aiki in ba wuta. Batun girma kuwa, gida mai mutum 10 da ke da masai na ruwa yana cin kimanin lita 1,200 a rana, ana lissafa 120 ga kowane mutum. Tankinka ya ishe ka kwana ɗaya da rabi.

Tambaya: Injin sumo na rijiyar burtsatsenmu ya ƙone sau biyu. Na farko doki 1 ne, muka sa doki 2, shi ma bai yi wata shida ba. Zurfin rijiyar mita 60. Wane ƙarfi ya kamata mu saya? (Mai kula da masallaci, Zariya)

Amsa: Allah ya saka da alheri kan hidimar masallaci. Zurfin rijiya ba shi ake zaɓen inji da shi ba. Abu biyu ake tambaya: ina ruwa yake tsayawa yayin da inji ke ja, kuma lita nawa rijiyar ke iya bayarwa a awa ba tare da ta ƙafe ba. Wanda ya haƙa ya kamata ya yi gwajin ja na awanni ya ba ku waɗannan alƙaluma a rubuce. In bai bayar ba, a sake gwajin, kuma a yi shi tsakanin Maris da Mayu lokacin da ruwan ƙasa ya fi ja baya.

Ga misalin lissafi. A ce ruwa yana tsayawa a mita 35, bakin tanki yana mita 8 sama da ƙasa, gogayyar bututu ta ci kamar mita 5. Jimilla mita 48. Tura lita 2,000 a awa zuwa wannan tsayi aikin wat 260 ne, in aka haɗa da asarar injin ya kai wajen wat 650. Doki 1 wat 746 ne, ya isa har da ragi. Yankin Zariya da Kano dutse ne a ƙasa, ruwan yana cikin tsaguwa da ruɓaɓɓen dutse, ba ya zuwa da yawa lokaci ɗaya. Inji mai doki 2 yakan zuƙe rijiyar cikin mintoci ya ci gaba da juyawa a bushe, alhali ruwan da ke ratsa jikinsa shi ne ke sanyaya shi. Alamar ita ce ruwa ya zo da ƙarfi, sai ya fara tari da iska, ya ɗauke, ya dawo.

Na farkon kuwa muna zargin wuta. In ta yi ƙasa, motar injin tana jan am, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, fiye da ƙima ta yi zafi, siririyar waya mai tsawon mita 70 ko 80 kuma tana ƙara rage ta. A sa waya mai kaurin aƙalla murabba'in milimita 2.5, a auna wutar a akwatin injin yana cikin aiki. A haɗa masa na'urar da ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi yawa, da mai kashe shi in ruwa ya ƙafe, da fulot a tanki, wato abin da ke kashe inji in tanki ya cika. Injin ya rataya aƙalla mita 3 sama da gindin rijiya don kada ya sha yashi. In da janareta za a tayar da shi, doki 1 yana son mai kVA 2.5 zuwa 3, domin lokacin tashi yana jan ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci.

Tambaya: Birekar kicin ɗina tana yawan faɗuwa in na haɗa butar lantarki da risho na wuta. Mai wayarin ya cire ta mai am 20 ya sa mai 40, yanzu ba ta faɗuwa. Amma soket ɗin yana zafi, har gefensa ya yi baƙi. Akwai matsala? (Uwargida, Kaduna)

Amsa: Hajiya, akwai babbar matsala, kuma muna roƙonki ki daina amfani da layin nan yau ɗin nan har a gyara. Bireka tana nan ne don ta tsare wayar da ke cikin bango. Tana faɗuwa ne in abin da ake ja ya fi ƙarfin wayar. Wanda ya sa mai 40 a kan wayar da ba ta wuce 20 ba ya kori mai gadi ne don ya cika ihun ɓarawo.

Lissafin mai sauƙi ne: a raba wat da 230, a sami am. Buta mai wat 2,200 tana jan am 9.6. Risho mai wat 1,500 yana jan 6.5. In aka ƙara dutsen guga mai 1,200 da firji, an haura 22. Wayar soket ta yau da kullum murabba'in milimita 2.5 ce, a cikin bututun bango tana ɗaukar am 24 in zafin wurin digiri 30 ne. Mu kuwa zafinmu ya wuce nan. A digiri 40 ana ninka wannan lamba da 0.87, a digiri 50 da 0.71. Cikin silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, wayar nan am 17 ne iyakarta. Kuma zafin da waya ke yi ba daidai yake hawa da am ba: in am ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Robar jikin waya ba a yi ta don ta wuce digiri 70 ba. Daga nan takan bushe ta tsage, waya ta taɓa 'yar'uwarta, sai a wayi gari ana cewa gobarar daga silin ta taso.

Ga yadda ake daidaita su a gidan zama. Fitilu da fankoki waya 1.5 da bireka mai am 6 ko 10. Soket na ɗakuna waya 2.5 da bireka mai 20. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka kowace da layinta daban, waya 4, bireka mai 20 ko 25. Babban murhun lantarki waya 6 da bireka mai 32. Daga mita zuwa akwatin raba wuta waya 10 ko 16 gwargwadon nauyin gidan. Kicin ɗinki layi biyu yake so, ko kuma layi ɗaya na waya 4. A mayar da bireka mai 20 a kan tsohon layin, a ja sabo.

Baƙin da soket ya yi yana iya zama daga sakwakkwan sukuru ma. Duk inda haɗi bai kama ba, nan zafi ke taruwa. A canza soket ɗin, a yanke wayar har inda robarta take da laushi, a ɗaure sosai. A hau silin a duba duk inda aka murɗe waya biyu aka naɗe da salatif, a mayar da su cikin akwatin haɗi. Filogi irin namu mai ƙafa uku iyakarsa am 13, don haka igiyar jona guda ɗaya ba ta ɗaukar buta da risho tare, komai yawan bakunan da ke jikinta.

Sai ingancin wayar kanta, abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a jiki amma cikinta bai kai ba, akwai kuma alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe. A kankare silin waya ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ba tagulla ba ce, kuma ba za ta ɗauki abin da muka lissafa ba.

Tambaya: In muka taɓa kan famfon banɗaki da jiƙaƙƙen hannu yana ɗan ja, haka ma jikin firiza. An ce mu riƙa sa silifa. (Ɗaliba, Gombe)

Amsa: Silifa ba magani ba ne, 'yar'uwa. Wuta tana yoyo daga wani abu, galibi hitar wanka da ƙarfen cikinta ya fashe ko injin rijiya, kuma ba ta sami hanyar shiga ƙasa ba sai ta jikinku. A kashe layukan ɗaya bayan ɗaya, mai wayarin yana aunawa, har a gano mai yoyon. Kafin nan kada kowa ya yi wanka hita tana kunne.

Gidanku abu biyu ya rasa. Na farko atin: waya ta uku, kore ko kore da rawaya, wadda ke bin kowane soket ta haɗu a akwatin raba wuta, daga nan ta sauka kan sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. Gidaje da yawa an kafa sandar, amma in ka buɗe soket waya biyu ce kawai a ciki. Sandar ta kai mita 1.2 zuwa 1.8, a wuri mai danshi. Ƙasarmu tana bushewa ƙwarai da rani, shi ya sa sanda ɗaya sau da yawa ba ta isa. A kafa biyu ko uku, tsakaninsu aƙalla tsawon sandar, a haɗa su, a auna da na'ura lokacin rani. Gishirin da ake zubawa yana taimakawa na ɗan lokaci, amma yana cin ƙarfen, ruwan sama kuma ya wanke shi. Yumɓun da masu haƙa burtsatse ke amfani da shi ya fi ɗorewa. Kada a yarda wani ya haɗa ƙafar atin da nitiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a bayan soket. Ranar da nitiral ya tsinke, jikin firizar zai ɗauki cikakkiyar wuta.

Na biyu bireka mai gano yoyo, wadda masu wayarin ke kira ELCB, mai miliyam 30. Bireka ta yau da kullum mai am 20 sai wuta ta haura miliyam 20,000 take motsi, alhali miliyam 50 yana iya tsayar da zuciya. Mai gano yoyo tana kwatanta abin da ya fita da abin da ya dawo, in ya gaza sai ta yanke nan take. Akwai maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa dannawa duk bayan wata uku. Hukumar NEMSA ce ke da alhakin duba wayarin da ba masu aikin lantarki shaida a Najeriya, ku nemi wanda ke da shaidarta.

Tambaya: Zan haƙa sokawe a sabon gida, mu 12 ne. Birkila ya ce rami ɗaya mai zurfin ƙafa 20 ya isa. Rijiyar da muke sha tana taku goma daga wurin. Me kuka gani? (Ɗan kasuwa, Funtuwa)

Amsa: Alhaji, mun fi damuwa da rijiyar fiye da ramin. Amma mu fara da ramin, don abin da ake kira sokawe a baki ɗaya abu biyu ne masu aiki daban.

Na farko tankin da bayan gida ke fara sauka. Shi ba a so ya yi yoyo ko kaɗan: daɓen kankare, bulo mai inci 9 da aka cika, filasta ciki. A nan mai nauyi ke nutsewa, maiƙo ya taso, ƙwayoyin halitta su narkar da abin da za su iya. Tsohon ma'aunin Ingila da har yanzu ake aiki da shi ya ce lita 180 ga kowane mutum, a ƙara 2,000. Ku 12, lita 4,160 ke nan. Tsawo mita 2.4, faɗi 1.2, zurfin ruwa 1.5 zai ba da lita 4,320. A bar santimita 30 tsakanin ruwa da murfi. A raba shi gida biyu, na farko mita 1.6, na biyu 0.8, da kafa a tsakiyar bangon rabon. Bakin fita ya yi ƙasa da bakin shiga da santimita 7.5, kuma dukansu a sa musu mahaɗi mai siffar T wanda ƙafarsa ta nutse cikin ruwa. Wannan ɗan mahaɗin da bai taka kara ya karya ba shi ke hana maiƙo da kauri wucewa rami na biyu. In babu shi, sukan liƙe bangon ramin, sai ka ji ana cewa sokawe ya cika bayan shekara biyu.

Na biyu shi ne ramin tsotsewa, mai bulo da aka jera da kafofi, da tsakuwa a bayansu. Ƙasa ce ke tace ruwan, don haka zurfafawa ba alheri ba ne. Gindin ramin ya tsaya aƙalla mita 1.5 zuwa 2 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a watan Agusta. Leƙa rijiyarka a tsakiyar damina, ita za ta gaya maka. In ruwanta yana tasowa har ƙafa 15 daga baki, ramin ƙafa 20 cikin ruwan shanku zai zuba kai tsaye. Ka gwada ƙasar tukuna: a zurfin da bututu zai shiga, haƙa ɗan rami santimita 30 kowane gefe, cika shi da ruwa ya kwana, ka sake cikawa da safe ka ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka ya sauka santimita 15. Raba da 150. In amsar ta faɗa tsakanin 15 da 100, ƙasar ta yi. In ta haura 100 laka ce, ba za ta sha ba. In ta yi ƙasa sosai yashi ne, ruwan zai wuce bai tacu ba.

Tazarar da ake nema tsakanin ramin tsotsewa da rijiya mita 30 ce, ramin kuma ya kasance a gangare. Taku gomanka bai fi mita 8 ba. Mun san fili mai ƙafa 50 sau 50 mita 15 ne kawai kowane gefe, tazarar ba za ta samu ba, ga ramin maƙwabci kuma bayan katanga. Shawararmu: kai ramin kusurwa mafi nisa. In ba hali, a gina tanki rufaffe ba tare da ramin tsotsewa ba, motar kwashewa ta riƙa zuwa. Rijiyar a yi mata zoben kankare da daɓe a baki, a bar ruwanta ga wanki da wanka har sai an kai shi ɗakin gwaji. A ce su auna ƙwayoyin cutar bayan gida da sinadarin naitiret, wanda iyakarsa miligiram 50 ne a lita. Tafasawa tana kashe ƙwayar amai da gudawa da ta taifot, amma ba ta cire naitiret, shi kuwa jarirai yake cutarwa.

Bututun masai inci 4 ne, ya gangara santimita 2.5 a kowace mita, da camba, wato ɗan ramin dubawa mai murfi, a duk inda ya karya kwana. Leda, ƙunzugun yara da tsumma ba sa narkewa. A kwashe tankin in kauri ya kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Kuma ko waya ce ta faɗa ciki, kada wani ya shiga. Iskar ciki tana sumar da mutum kafin ya yi kira, ta kuma sumar da wanda ya bi shi ceto.

Tambaya: Banɗakin baƙi yana wari duk da ba a amfani da shi. (Amarya, Sakkwato)

Amsa: Rashin amfanin ne ya jawo. Ƙarƙashin kowane masai, abin wanke hannu da kafar daɓe akwai lanƙwasa mai riƙe ruwa santimita 5 zuwa 7, ruwan nan shi ke tare iskar sokawe. Da zafin Sakkwato da bushewar hunturu yakan ƙafe cikin 'yan makonni. Ki riƙa zuba buta ɗaya a kowace kafa duk mako. In warin bai tafi ba, a duba kafar daɓe, sau da yawa ana haɗa ta kai tsaye ba lanƙwasa. A kuma tabbatar akwai bututun shaƙar iska da ya haura rufi, da raga a bakinsa saboda sauro. In kina jin ƙugi a abin wanke hannu duk lokacin da aka kora masai, babu shi ko ya toshe.

Tambaya: Ina da faranti biyu na sola masu wat 300, da batir biyu masu 200. Fanka uku, ƙwan fitila takwas, talabijin da firji nake kunnawa. Batiran sun mutu cikin wata goma. (Malamin makaranta, Maraɗi)

Amsa: Malam, yunwa ce ta kashe su. Fanka uku masu wat 70 na awa 10 sun ci wat-awa 2,100, wato wat sau awanni. Ƙwai takwas masu wat 10 na awa 6, 480. Talabijin mai wat 80 na awa 5, 400. Firji kamar 1,200 a yini. Jimilla wajen 4,200, in aka ƙara asarar inbata ya kusa 5,000. Farantanka wat 600 ne. Ko da ranar Maraɗi, awa 5 ta cikakkiyar rana ake lissafawa, kuma kwata yana tafiya a zafi, ƙura da waya. Abin da ke shiga 2,250 ne, bai kai rabin abin da ke fita ba. Batir mai ruwa in ya yi kwanaki bai cika ba, farantan cikinsa sukan yi ɓawon da ba ya narkewa.

Ajiyar ma ta yi kaɗan. Batir mai bolt 12 da am-awa 200 yana riƙe wat-awa 2,400, amma rabi kawai ake ci in ana so ya daɗe. Biyunka 2,400 ke nan, dare kuwa yana neman sama da 3,000. Kana buƙatar faranti na kusan wat 1,400, da batir huɗu, ko litiyom mai kilowat-awa 5. In aljihu bai kai ba, sauya fankokin da masu cin wat 30, ka ga lissafin ya faɗi da 1,200 nan take. Batir ya zauna a inuwa mai iska, domin kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba rayuwar mai ruwa biyu. Faranti su fuskanci kudu da ɗan jingina na digiri 12 zuwa 15, a riƙa wanke su da sassafe lokacin hazo. In kana haɗawa da wutar NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, ko janareta, a sa canjoba mai yanke waya biyun gaba ɗaya, kada wutarka ta koma kan layi ta sami ma'aikaci a kan turke.

Tambaya: Na sami zanen gida, za a fara tushe bayan salla. Yaushe ake kiran mai famfo da mai wayarin? (Ma'aikaci, Katsina)

Amsa: Yanzu, kafin a sa diga. Zanen mai tsara gida shi kaɗai bai wadatar ba, ka nemi na ruwa da magudana da na lantarki daga injiniya mai rajistar COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya. Fara da tsayin daɓe: a auna titi da lambatu, daɓen ya haura titi da aƙalla santimita 45, saboda in an zo gyaran titi ɗaga shi ake yi. Ka tuna kowace milimita ta ruwan sama lita 1 ce a kan murabba'in mita. Rufi mai murabba'i 150 in aka yi ruwa mai milimita 50 zai zubo lita 7,500 a tsakar gida, dole a san ta inda za ta fita, kuma ba cikin sokawe ba.

Bututun masai da guntayen bututu masu faɗi da ake bari a tushe don wasu bututu su ratsa ta ciki ana sa su ne kafin a zuba daɓe. Bututun waya ana jera shi kafin dekin, ba a fasa ginshiƙi ko bim daga baya. A jera banɗakuna da kicin kusa da juna, bututu ya gajarta. Waya a bango ta tafi tsaye ko kwance daga soket, ban da karkace, don mai kafa ƙusa ya san inda zai kauce. A bar gurbi biyu ko uku a akwatin raba wuta, da bututu guda babu komai zuwa rufi saboda sola. Kafin filasta a toshe bakunan famfo, a matsa ruwa da injin gwaji zuwa ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, a bar shi awa ɗaya ana kallon allura. In ba ta sauka ba, ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jiki, sannan a rufe.